Ajin motsa jiki na taro ko koci na kaina? Sikeli ya ƙi sauka

Uwar_Biyu:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Watannin baya na shiga ajin motsa jiki, irin wanda ake sa kiɗa malama tana gaba muna bin ta. Ba na fashi sai da babban dalili, kullum jiƙe nake fitowa da gumi. A makonnin farko sikeli ya sauka, har na fara murna, daga nan sai ya tsaya cak. Yanzu wata ƙawata ta ce ajin taro ɓata lokaci ne, wai sai na ɗauki koci da zai tsaya a kaina ni kaɗai. Kuɗin koci kuma ba wasa ba ne. Waɗanda suka gwada duka biyun, me kuka gani? Laifin ajin ne, ko jikina ne ya ƙi?

Ɗan_Ƙarfe:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ƙawarki ta faɗa miki gaskiya. Ɗaki cike da mutane, malama ɗaya, wa za ta kalla ta bar wani? Mai ciwon gwiwa da 'yar shekara ashirin abu ɗaya ake sa su. Kuma abin da aka yi watan jiya shi ake yi yau, kiɗan ne kawai ke canzawa. Jiki in ya saba da aiki sai an ƙara masa, ko nauyi, ko yawan maimaitawa, ko tsawon lokaci, kafin ya sake amsawa. Koci na gaske yana rubuta abin da kika ɗaga yau don ya san abin da zai ɗora miki mako mai zuwa. A aji wa zai rubuta miki?

Gimbiya88:
Ɗan_Ƙarfe, a hankali dai. Ni na yi koci, na yi aji. Da koci duk ranar da na tashi da kasala sai in tura masa saƙo cewa ba ni da lafiya, shi kuwa tunda an riga an biya shi, sai ya ce Allah ya ƙara sauƙi. A aji kuwa in ban je ba, kafin rana ta faɗi mutum uku sun kira ni. Kunyar idonsu ce ta sa ban daina ba. Atisayen da aka tsara da ilimi amma ba a zuwa, ina amfaninsa?

Ɗan_Ƙarfe:
To ai kocinki ne malalaci, ba tsarin ba.

Nas_Ɗin_Dare:
Kafin a raba gardamar koci da aji, bari in amsa tambayarta ta biyu, don ita ce ta fi damunta. 'Yar'uwa, jikinki bai ƙi komai ba. Abin da kika gani shi kusan kowa ke gani. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka don amfanin gaggawa, kuma kowane giram ɗaya na wannan ajiya yana riƙe da ruwa kusan giram uku. In mutum ya fara motsa jiki ya kuma rage ci, wannan ajiyar ce ke fara raguwa, ruwanta ya bi ta. Saukar farko da ta faranta miki rai, mafi yawanta ruwa ne. Bayan nan ne ake shiga ainihin kitse, shi kuma tafiyarsa a hankali take.

Abin da hukumomin lafiya ke ba da shawara shi ne rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Kuma ba kowane mako zai nuna ba. Gishiri, rashin barci, kwanakin al'ada, duk suna sa jiki ya riƙe ruwa, sai sikeli ya ɓoye ragin da aka samu. Ki riƙa hawa sikeli da safe kafin ki ci komai, a sikeli ɗaya, ki duba yadda makonni huɗu suka tafi, kada ki yanke hukunci da awon kwana ɗaya.

Tambaya ɗaya: tun da kika fara ajin, cin abincinki ya canza?

Uwar_Biyu:
Nas, ai yunwa ce ma ta ƙaru. In na dawo sai in ji kamar ban ci komai ba tun jiya. Kuma a raina ina cewa ai na sha wahala, na cancanta.

Malamin_Lissafi:
To ga inda gizo ke saƙa. Bari in kawo nawa fannin. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa, kusan 7,700. Tafiya da sauri ta rabin awa, ga mai matsakaicin nauyi, tana cin kalori wajen 150. Gwangwani ɗaya na lemon zaƙi yana da kusan 140. Wato abin da ƙafa ta biya a rabin awa, maƙogwaro zai dawo da shi cikin minti biyu. Sannan mai, kowane iri ne, giram ɗaya kalori 9 ne, alhali sitaci da furotin 4 ne. Cokali biyu da aka ƙara a tukunya ba a ganinsu a faranti, amma suna cikin lissafi. Ko kocin da ya fi kowa tsada kika ɗauka, awa ɗaya zai yi da ke, sauran awa ashirin da uku kina hannun kanki.

Mai_Shakka:
In haka ne Malam, a rufe wuraren motsa jikin mana kowa ya huta. Ni na taɓa karanta binciken Herman Pontzer a kan mutanen Hadza na Tanzaniya, masu farauta da tsintar 'ya'yan itace, waɗanda ke wuni suna tafiya a daji. Da aka auna kalorin da jikinsu ke ƙonawa a rana, aka yi la'akari da girman jiki, sai ya zo kusan daidai da na mazauna biranen Amurka da Turai. A 2012 aka buga shi. To in mai wuni a ƙafa bai fi mai zaman ofis ƙonawa ba, tsalle-tsallen awa ɗaya me zai yi?

Nas_Ɗin_Dare:
Binciken gaskiya ne, Mai_Shakka, amma ka tsaya a rabin hanya. Abin da ya nuna shi ne jiki yana daidaita kalorin da yake ƙonawa, in ka ƙara aiki a nan sai ya yi tsimi a can. Shi ya sa motsa jiki kaɗai ba ya sauke sikeli sosai. Amma su Hadza ɗin nan hawan jini da ciwon suga ba su yi yawa a cikinsu ba. Amfanin motsi ga zuciya da jijiyoyin jini da yadda jiki ke sarrafa sukari yana nan, ko sikeli ya motsa ko bai motsa ba.

Akwai wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka fitar da sakamakonsa a 2002, a kan mutum sama da 3,000 da sukarinsu ya fara hawa amma bai kai ciwon suga ba. Wani rukuni aka ce su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su kuma yi motsi na minti 150 a mako. Wani rukuni aka ba su metformin, maganin ciwon suga. Masu gyaran ci da motsi, kamuwarsu da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin ɗari, masu magani da kashi 31. Ku lura, kashi 7 kawai. Mai kilo 90, kilo shida da ɗan abu ke nan. Ba sai mutum ya koma jikinsa na makarantar sakandare ba.

Tsohon_Gola:
Allah ya saka, Nas. Ni abin da ke ba ni haushi shi ne masu naɗe jiki da leda su hau na'urar gudu wai suna narkar da kitse. Na ga wani ya yanke jiki ya faɗi a gabana, sai da aka yayyafa masa ruwa.

Gimbiya88:
Tsaya Baba, gumin ba kitse ba ne? Malamarmu kullum cewa take mu yi gumi teɓa ta zube.

Malamin_Lissafi:
Gumi ruwa ne da ɗan gishiri, jiki ke fitar da shi don ya huce. Kin sha ruwa, nauyin ya dawo. Kitse ta huhu yake fita. Wasu masu bincike biyu a Ostireliya, Ruben Meerman da Andrew Brown, sun yi lissafin a 2014: in mutum ya rage kilo 10 na kitse, kilo 8.4 yana fita ne a matsayin iskar kabon da muke fesarwa in mun numfasa, ragowar 1.6 ruwa. Kafin wani ya tambaya, a'a, zama a kujera ana haki ba ya rage ƙiba, jiri kawai zai kawo.

Gimbiya88:
Wallahi har na fara jan numfashi kafin in kai ƙarshen rubutun.

Baffa_Mai_Keke:
Ku yi haƙuri in dawo da ku kan tambayar baiwar Allah. Ni a ganina kowanne da ranarsa. Na fara zuwa wurin motsa jiki bayan likita ya ce jinina ya hau. Ban san yadda ake tsugunawa da nauyi ba tare da na cutar da bayana ba, ban san wace na'ura ce ta me ba, kuma girma ya hana ni tambayar yara. Sai na biya koci na ɗan lokaci, na gaya masa tun farko cewa koyo na zo yi, ba zaman dindindin ba. Ya gyara mini tsayuwa, ya nuna mini yadda zan numfasa in ina ɗaga abu, domin mai hawan jini ba a so ya riƙe numfashi yana yunƙuri. Ya rubuta mini tsari a takarda. Daga nan na koma ajin keken motsa jiki da jama'a, ina yin na ƙarfe ni kaɗai. Lokaci-lokaci nakan koma masa ya duba ni ya canza tsarin. Kuɗin bai yi mini nauyi ba, kuma ban rasa abokan hira ba.

Ɗan_Ƙarfe:
Baffa wannan na yarda da shi. Amma ka ga ai kocin ne ya kafa tubalin.

Mai_Shakka:
Wane kocin? Yau duk wanda ƙirjinsa ya buɗe sai ya buga riga ya ce shi koci ne. Wanda na taɓa ɗauka bai tambaye ni ko ina da wani ciwo ba. Ranar farko ya sa ni tsuguna-tashi har ƙafata ta daina ɗaukata, yana tsaye yana danna waya. Da muka gama ya buɗe jaka ya fito da garin da zan riƙa sha, wai a wurinsa kaɗai ake samun na asali.

Anti_Mai_Horo:
Ni wannan ce sana'ata, ina koyar da aji kuma ina ɗaukar mutum ɗaya-ɗaya, don haka ba ni da ɓangare. Mai_Shakka, abin da aka yi maka ba horo ba ne. Zama na farko da koci rabinsa tambaya ce: shekarunka, ciwon da kake da shi, magungunan da kake sha, tsohon rauni ko tiyata, ko ka taɓa jin ciwon ƙirji ko jiri in ka yi aikin ƙarfi. Wanda bai yi waɗannan ba, ɗauki jakarka. Ka tambaye shi inda ya yi karatun aikin, ka ga takardar, ka tambaya ko ya iya taimakon gaggawa in mutum ya faɗi. Wanda ya yi maka alkawarin kilo goma a wata ɗaya, ko ya fi damuwa da sayar maka da gari da shayi, ɗan kasuwa ne.

Ɗan_Ƙarfe kuma, ba kowane aji ne yadda ka kwatanta ba. Malama ta ƙwarai tana nuna motsi iri biyu ko uku, mai sauƙi da mai wuya, ta ce mai ciwon gwiwa ya taka maimakon ya yi tsalle. In ajin ya cika har ba ta ganin na baya, ki matso gaba ko ki nemi ƙaramin aji. Akwai kuma tsaka-tsaki da mutane ba su cika sani ba: ku haɗu ku uku ko huɗu ku ɗauki koci ɗaya ku raba kuɗin.

Uwar_Biyu, abin da na hango a bayaninki, ajinku na motsin da ke sa zuciya bugawa da sauri ne zalla. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2020 ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, sannan ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Wannan na biyun shi mata suka fi tsallakewa. Mai rage nauyi ba kitse kaɗai yake zubarwa ba, har da tsoka, kuma ɗaga nauyi da cin isasshen furotin su ke tsare ta.

Uwar_Biyu:
Anti ni tsorona kada in fara ɗaga ƙarfe in koma da damtse irin na maza.

Anti_Mai_Horo:
Ƙanwata, da abin da sauƙi haka da su Ɗan_Ƙarfe ba su shekara suna fama ba. Sinadarin da ke kumbura tsokar namiji kaɗan ne ƙwarai a jikin mace. Abin da za ki gani shi ne hawa bene ya daina sa ki haki, kaya kuma su fara yi miki yawa ko da sikeli bai ce komai ba.

Ɗan_Ƙarfe:
Anti ai ba sai kin tona ni a zaure ba.

Sabuwar_Zuwa:
Don Allah ni tumbi kaɗai nake so ya tafi, sauran jikina ina son abina. Wane atisaye ne na ciki kawai? Kuma shayin rage teɓa da ake talla yana aiki?

Nas_Ɗin_Dare:
Atisayen ciki yana ƙarfafa tsokar da ke ƙarƙashin kitsen, ba ya zaɓar kitsen wurin ya ƙone. Jiki ne ke yanke inda zai fara cirewa, kuma gado da jinsi suna da hannu a ciki. Bel ɗin ɗaure ciki ma matsewa kawai yake yi, kin cire komai ya koma mazauninsa.

Shayin kuwa, da yawansu ganyen sa gudawa ne ko mai sa yawan fitsari. Nauyin da ya tafi ruwa ne, in aka daɗe ana sha kuma gishirin jini yana rikicewa, abin da kan iya taɓa bugun zuciya. Mafi muni, hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha gano sibutramine a ɓoye cikin kayan rage ƙiba da aka rubuta wa "na ganye zalla". Maganin nan an janye shi daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Ki samu tef ɗin tela ki auna ƙugunki. Shawarar da NICE, hukumar da ke fitar da ƙa'idojin kiwon lafiya a Ingila, ta bayar a 2022 mai sauƙin riƙewa ce: ƙugu kada ya kai rabin tsayi. Mai tsayin santimita 160, ƙugunta ya zauna ƙasa da 80.

Mai_Shakka:
Duk wannan dogon lissafi, ga allura ta zo. Mutane na yin Wegovy, allurar rage ƙiba, suna zubar da nauyi ba koci ba aji.

Nas_Ɗin_Dare:
Tana aiki, ba a musu. A gwajin da aka buga a 2021, masu yin semaglutide, wato maganin da ke cikin Wegovy, sun rage kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu a mako 68. Amma da aka bi waɗanda suka daina, cikin shekara guda kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka rage ya dawo. Kuma a gwajin ma an haɗa musu da gyaran ci da motsi. Magani ne na likita ga wanda ƙibarsa ta kai a ba shi, da illolinsa kamar tashin zuciya da amai. Ba abin saye a intanet ba ne.

Tsohon_Gola:
Dawowar nauyi ai ita ce babbar magana. Ku tuna shirin talabijin ɗin nan na Amurka da ake gasar rage ƙiba, kowa da koci a kansa yana masa ihu dare da rana. Wani mai bincike, Kevin Hall, ya bi 14 daga cikinsu bayan shekara shida. A gasar sun zubar da kilo 58 a matsakaici, bayan shekara shida kilo 41 ya dawo, kuma jikinsu yana ƙona kalori wajen 500 ƙasa da abin da ake tsammani ga mai girmansu a kowace rana. Ga koci iya koci, Ɗan_Ƙarfe. Gaggawar ce ta ci su.

Ɗan_Ƙarfe:
Baba wancan wasan kwaikwayo ne don masu kallo. Ni ban ce a kashe mutum ba. Kuma ka faɗi sauran: cikin su waɗanda suka ci gaba da motsa jiki sosai su suka fi riƙe ragin.

Tsohon_Gola:
Wannan haka ne. Motsi ya fi amfani wajen tsare abin da aka rage fiye da wajen rage shi.

Nas_Ɗin_Dare:
Tunda an zo kan gaggawa, ƙarin gargaɗi biyu. Saurin zubar da nauyi yana jawo tsakuwa a matsarmama, muna ganinsu. Na biyu ga sababbin shiga aji, musamman na keke: ciwon jiki kwana ɗaya zuwa uku bayan atisaye ba komai ba ne. Amma in tsoka ta kumbura, ciwon ya wuce misali, fitsari ya koma baƙi-baƙi kalar shayi, a tafi asibiti a ranar. Tsoka ce ta farfashe, abin da ta saki cikin jini yana iya lalata ƙoda. Kada kunyar na kusa da kai ta sa ka yi abin da jikinka bai kai ba a ranar farko.

Gimbiya88:
Wannan ita ce illar aji da zan amsa. In kiɗa ya yi daɗi kowa na ihu, mutum mantawa yake da shekarunsa.

Uwar_Biyu:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Ajin dai ba zan bari ba, don ina jin daɗinsa kuma barcina ya gyaru. Zan yi wa mata biyu da muke tsayawa layi ɗaya magana ko za mu haɗa kuɗi mu ɗauki mai koya mana ɗaga nauyi. Amma yunwar bayan aji fa, Anti? Ita ce ban san yadda zan yi da ita ba.

Anti_Mai_Horo:
Kada ki je ajin da cikin da ya wuni babu komai, ki ɗan ci abu mara nauyi awa ɗaya ko biyu kafin lokaci. Ki tanadi abin da za ki ci in kin dawo tun kafin ki fita, mai furotin da ganye da yawa, ki zuba a faranti ki zauna, kada ki ci a tsaye bakin tukunya. Ki fara shan ruwa. Kuma ki gwada rubuta duk abin da ya shiga bakinki na mako ɗaya, har da ragowar na yara da abin sha.

Baffa_Mai_Keke:
Ragowar na yara! Anti kin taɓo gidaje da yawa.

Sabuwar_Zuwa:
Nas, na auna. A cibiya ake sa tef ɗin ko sama da ita? Don amsa biyu na samu, ɗaya ta fi ɗaya daɗin ji.

Nas_Ɗin_Dare:
Ki laluba ƙashin haƙarƙarinki na ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, ki sa tef ɗin a tsakiyarsu, yawanci ɗan sama da cibiya ne. Ki saki numfashi yadda kika saba, ban da shanye ciki.